Darasi na Tara: Ajiye Awon Gida, Ɗauki Awon Kanel

A darasin da ya wuce mun buɗe fayil ɗin direba mun karanta shi layi-layi ba mu taɓa komai ba. Yau za mu sa hannu. Aikin ƙarami ne, irin wanda ake ba sabon shiga, amma akwai wurare uku da santsi ke kwasar mutum, kuma a nan za mu fi daɗewa.

Mu ɗan tuna baya. Kanel shi ne zuciyar Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Shi ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, kuma wayar Android da ke aljihunku a kansa take tafiya. Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne. Wani yanki ne na kanel da ya san yadda ake magana da na'ura guda, kamar katin Wi-Fi.

Karanta adireshi da ido

Kowane katin sadarwa yana da lambarsa, ana ce mata adireshin MAC. Tsawonta bayit 6 ne, wato bit 48. Ana rubuta ta gida shida, kowane gida da alama biyu, kamar haka:

00:e0:4c:12:34:56

Alamomin daga 0 zuwa 9 ne, sai a, b, c, d, e, f, waɗanda ke tsaye a madadin 10 zuwa 15. Gidaje ukun farko hukumar IEEE ce ke ba kamfani. Wannan 00:e0:4c na kamfanin Realtek ne na ƙasar Taiwan. Sauran ukun kamfanin ke rabawa katunansa.

Yanzu ku ɗora yatsa a kan alama ta biyu ta gidan farko. Ita ce ke faɗin irin adireshin. In cika ce, wato tana rabuwa biyu daidai kamar 0, 2, 4 ko a, to adireshin na na'ura ɗaya ne. In mara ce, kamar 1, 3, 5 ko f, adireshin na rukuni ne, saƙon da aka aika masa na'urori da yawa za su karɓa. Misali 01:00:5e:00:00:01 na rukuni ne, haka 33:33:00:00:00:01. Akwai kuma guda ɗaya tak da ake aika wa kowa da kowa, ff:ff:ff:ff:ff:ff. Shi za mu riƙa kira adireshin shela. Ku lura, alamarsa ta biyu f ce, wato 15, kuma 15 mara ce. Ashe shela ma rukuni ce, rukunin da ya haɗa kowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai son gwadawa ya duba wayarsa. Tun daga Android 10, waya kan ƙirƙiri adireshin bogi idan za ta shiga Wi-Fi don kada a riƙa bin sawunta. Irin wannan adireshin alamarsa ta biyu takan zama 2, 6, a ko e.

Inda matsalar take

Direba yakan tambayi kansa sau dubbai a daƙiƙa guda: wannan saƙon nawa ne, ko na rukuni, ko shela? Kamfanonin da ke ƙera katin sukan rubuta direba ɗaya don ya yi aiki a manhajoji daban-daban, don haka kowa ya rubuta nasa awon. Idan direban ya shigo Linux, sai ya shigo da kayansa. Akasari ana sauke irin waɗannan a wani zaure mai suna drivers/staging, wanda Greg Kroah-Hartman ya buɗe a 2008, su zauna nan ana yi musu wanka da aski kafin a shigar da su cikin gida. A can aka sha ganin awon gida kamar IS_MCAST, mai duba rukuni, ko layi mai gwada gida shida ɗaya bayan ɗaya ko 0xff ne, wato ff a rubutun yaren C.

Alhali kanel yana da nasa 'yan aiken, ƙananan ayyuka da aka rubuta sau ɗaya kowa ya yi amfani da su. Suna cikin fayil include/linux/etherdevice.h. Mai duba rukuni shi ne is_multicast_ether_addr, mai duba shela is_broadcast_ether_addr, mai duba adireshin da duk sifili ne is_zero_ether_addr. Akwai is_valid_ether_addr, wanda ke cewa eh idan adireshi ba na rukuni ba ne kuma ba sifili ba ne. Direbobi kan kira shi bayan sun karanto adireshi daga jikin kati, in ya ce a'a sai su nemi eth_random_addr ya ƙirƙiro musu wani. Na gwada adireshi biyu kuwa shi ne ether_addr_equal.

Me ya sa za a sauya abin da ke aiki? Kun san kasuwar da kowane mai hatsi ya zo da mudunsa daga gida. Wataƙila duk mudun daidai suke, amma mai saye sai ya tsaya ya duba kowanne. Mai karanta direba ma haka ne. In ya ga is_multicast_ether_addr ya san shi, ya wuce. In ya ga awon gida sai ya je ya nemo inda aka rubuta shi ya karanta. Kuma idan aka gyara ɗan aiken kanel ko aka ƙara masa sauri, duk direbobin da ke kiransa sun samu a lokaci guda. Awon gida yana nan yadda aka bar shi.

Santsi na farko: suna ɗaya, hali daban

Kafin ku goge awon gida, ku karanta cikinsa. Kada ku tsaya ga sunan. Ga iri biyu da ake samu a tsofaffin direbobin Wi-Fi. Na farko:

adireshi[0] & 0x01

Wannan yana duba cika ko mara ne kawai, daidai da abin da kuka yi da yatsa. Halinsa ɗaya da na kanel, ana iya musanya shi kai tsaye. Ga na biyu:

adireshi[0] != 0xff && (adireshi[0] & 0x01)

Ku karanta shi a hankali. Yana cewa: in gidan farko ba ff ba ne, kuma mara ne, to rukuni ne. Wato wanda ya rubuta shi ya fitar da shela daga cikin rukuni da gangan. Shi kuwa is_multicast_ether_addr na kanel yana lissafa shela cikin rukuni, har an rubuta haka a bayanin da ke samansa. In kuka cire wannan kuka dasa na kanel ba tunani, saƙon shela zai fara bin hanyar da da ba ya bi. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, direban zai haɗu lafiya lau. Sai an jima wani ya ce katinsa ya shiga Wi-Fi amma ya kasa samun intanet, a rasa dalili.

Abin yi shi ne ku bi duk wurin da aka kira awon gidan, ɗaya-ɗaya. A wani wurin za ku tarar an rubuta "in rukuni ne ko shela", to nan ɗan aiken kanel guda ya wadatar, layin ma ya gajarce. A wani wurin kuwa an raba su don kowanne da abin da ake yi masa, to sai ku haɗa biyu: rukuni ne, kuma ba shela ba. Ni a ganina wannan bin diddigin shi ne ainihin aikin. Sauya sunan ko yaro zai iya.

Santsi na biyu: eh da ta zama a'a

Tsofaffin direbobi kan gwada adireshi biyu da memcmp. Shi memcmp amsarsa a juye take ga wanda bai saba ba: idan abubuwan biyu iri ɗaya ne sai ya ba da sifili, kuma sifili a yaren C yana nufin a'a. Shi ya sa ake sa masa alamar motsin rai a gaba don ta juya amsar:

if (!memcmp(a, b, 6))

Ma'anarsa "in sun yi daidai". Amma ether_addr_equal kai tsaye yake magana, in sun yi daidai ya ce eh. Don haka sabon layin ba ya buƙatar alamar:

if (ether_addr_equal(a, b))

Inda kuma tsohon layin ba shi da alamar, sabon ne zai ɗauke ta. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sauya wurare da dama a fayil ɗaya da dare, ido ya yi nauyi, na bar alama ɗaya inda ya kamata ta tafi. Direban ya koma yana watsar da duk saƙon da aka aiko masa, yana karɓar na maƙwabta. Sai da safe na gani, da na karanta layin a bayyane kamar mai biya allo. Ku ma ku riƙa yin haka: ku faɗi tsohon layin da Hausa, ku faɗi sabon, ku ji ko magana ɗaya suke yi.

Santsi na uku: mazaunin adireshin

Wannan ya fi ɓoyewa. Awon gida yakan ɗauki bayit ɗaya-ɗaya. 'Yan aiken kanel, don sauri, suna ɗiban bibbiyu ko fiye a kamu ɗaya. is_broadcast_ether_addr, alal misali, kamu uku yake yi maimakon shida. Sharaɗinsa shi ne adireshin ya fara a gurbin ƙwaƙwalwa mai lambar cika. An rubuta wannan sharaɗin a saman aikin cikin etherdevice.h, ku je ku gani da idonku.

Kwamfutar tebur mai Intel ko AMD ba ta damu ba, ko a gurbin mara aka ajiye adireshi za ta karanta. Shi ya sa gwajinku zai wuce lafiya. Amma wasu na'urori masu MIPS ko tsohon ARM, irin waɗanda ake samu cikin akwatunan rarraba Wi-Fi, suna iya tuntuɓe a nan. Don haka ku duba inda aka ajiye adireshin. In yana cikin wani tsari, wato struct, inda ake jera bayanai bi da bi, ku ƙirga bayit nawa ke gabansa. In bayit guda ne a gabansa, to ya faɗa gurbin mara. Ana iya gyarawa da sa masa __aligned(2) a inda aka bayyana shi. In kuwa tsarin ba ya taɓuwa, domin haka saƙon ke zuwa daga waje, akwai ether_addr_equal_unaligned da aka tanada don gwada irin wannan.

Yin aikin

Ku shiga babbar foldar kanel ku nemo awon gidan da git grep, misali git grep IS_MCAST drivers/staging. Zai jero muku duk layin da sunan ya fito. Ku tabbata fayil ɗin da za ku gyara ya jawo linux/etherdevice.h a samansa. Ku sauya wuraren kira, sannan ku sake neman sunan. In babu mai kiransa, ku goge awon gidan kansa, kada a bar shi kwance wani ya zo ya ɗauka gobe. Sai ku haɗa direban da make ku ga ko ya yi kuka.

Gyaran da kuka yi sunansa faci, kamar dai na taya. Ƙa'idar masu kanel ita ce faci ɗaya, magana ɗaya. In kun ga layin da ya karkace ko suna mara kyau a gefe, ku kau da kai, wannan na wani facin ne. Ku ajiye aikin da git commit -s, wanda zai sa muku layin Signed-off-by, shaidar cewa kuna da ikon bayar da gyaran. A bayanin facin ku faɗi abin da kuka sauya da dalili, kuma ku rubuta cewa kun duba mazaunin adireshin, domin mai dubawa zai tambaya. In ba ku da katin da za ku gwada a kai, ku faɗa: haɗawa kawai aka yi, ba a gwada a na'ura ba. Bayan haka scripts/checkpatch.pl zai duba muku tsarin rubutu, scripts/get_maintainer.pl kuma ya gaya muku wanda ke kula da direban.

Aikin gida

Ku kwafi waɗannan adireshi huɗu a littafinku: 02:00:00:aa:bb:cc, da 01:80:c2:00:00:00, da ff:ff:ff:ff:ff:ff, da ff:00:00:00:00:01. A gaban kowanne ku rubuta amsar da is_multicast_ether_addr zai bayar, sannan amsar da awon gida na biyu zai bayar, wanda ke duba 0xff. A biyu daga ciki amsoshin za su saɓa. Ɗayan kun riga kun san shi. Ɗayan kuma ba shela ba ne, ku zo da bayanin abin da ya sa awon gidan ya ƙi shi, da shi za mu buɗe darasi na goma.