Yadda Ake Rage Shan Mai a Babban Babur na Doguwar Tafiya da Aka Yi wa Ƙarin Kaya

Manyan baburan doguwar tafiya irin su Road King, Street Glide da Electra Glide na kamfanin Harley-Davidson ba kasafai suke daɗewa yadda suka fito daga kamfani ba. Mai babur yakan fara da sauya salansa saboda ƙara, sannan ya ɗaura buɗaɗɗiyar matatar iska, daga nan kuma a taɓa kwamfutar injin. Wanda aljihunsa ke da nauyi har kamshaf, wato ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul ɗin injin, yakan canza, ko ya faɗaɗa silinda. Wanda ya sayi na hannu da aka shigo da shi daga Amurka sau da yawa yakan tarar an riga an yi duk wannan aiki, ba tare da wata takarda da ke bayyana abin da aka taɓa ba, sai dai ya ga mai yana zurarewa. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, wannan ya daina zama abin da mutum zai kawar wa kai. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, salansa da matata da kansu kaɗan suke ƙara wa shan mai. Mafi yawan asarar tana fitowa ne daga lissafin man da aka ɗora wa kwamfutar injin bayan an sauya su, sai kuma hannun dama na mai tuƙi, wanda sabuwar ƙara takan ruɗa.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ka auna. Alƙaluman da agogon babur ke nunawa na sauran tafiyar da mai zai kai ƙiyasi ne kawai, kuma ƙiyasin yakan ƙara kaucewa idan an sa manyan nozul ko an maƙala wata na'ura tsakanin kwamfuta da injekta, wato abin da ke fesa wa injin mai. Hanyar da ba ta yaudara ita ce ka cika tanki babur yana tsaye sak, ba a kan jak ɗin gefe ba, ka lura da inda man ya tsaya a wuyan tanki, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi tafiyarka, sannan ka sake cikawa daidai wurin nan. Sai ka raba kilomita da lita. Idan ka yi kilomita 280 kuma tanki ya ɗauki lita 17.5, kana samun kilomita 16 a kowace lita. Cikawa ɗaya ba hujja ba ce, domin iska da hanya da kaya suna sauyawa, kuma ba kowane famfon gidan mai ne litarsa ta cika lita ba. Ka maimaita sau huɗu ko biyar, a gidan mai ɗaya in da hali, ka ɗauki matsakaici. Idan agogon yana ƙirga mil, ka ninka da 1.609 ka samu kilomita, kuma idan ka ga an rubuta mil a galan na Amurka, ninka shi da 0.425 zai ba ka kilomita a lita.

Da wannan ne za ka san ko akwai matsala ko babu. Tankin waɗannan babura tun daga ƙirar 2008 galan shida ne, wato kusan lita 22.7, kuma kamfanin yana ƙiyasta wa masu injin Milwaukee-Eight, wanda ya fito da ƙirar 2017, abin da ya kai kilomita 18 a lita. A lissafi, tanki ɗaya zai wuce kilomita 400. Idan naka ya sauko zuwa 15, tafiyar ta koma kilomita 340, kuma wanda ya taso daga Kano zai wuce Kaduna cikin kwanciyar hankali amma ba zai ga Abuja ba sai ya tsaya. Raguwar kilomita ɗaya a lita bayan an ƙara kaya abu ne da ake iya haƙuri da shi. Raguwar uku ko huɗu alama ce ta cewa wani abu bai zauna daidai ba.

Wurin da ya fi cancanta a ɓata lokaci shi ne gaurayen iska da mai. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai a bisa nauyi, kuma a kusa da nan kamfani ke riƙe injin yayin tafiyar da ba a matsa masa ba, saboda dokokin hayaƙi. Injin yana ba da mafi girman ƙarfinsa idan an ƙara masa mai, wato iskar ta koma wajen kashi 12.5 zuwa 13.2 ga kashi ɗaya na mai. Kwamfutar tana ɗauke da jadawali wanda gefe ɗaya juyin injin ne, ɗaya gefen kuma nauyin da aka ɗora masa, kuma kowane gida a jadawalin yana da nasa adadin mai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba wa dukkan gidajen mai irin na neman ƙarfi, har da waɗanda babur ke zama a cikinsu sa'o'i a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, totur a ɗan buɗe. Lissafin a fili yake: sauko da gauraye daga 14.7 zuwa 13.2 ƙarin mai ne na kusan kashi 11 cikin ɗari a kan iska iri ɗaya, kuma mai tafiya a kilomita 105 a sa'a babu abin da zai ji na wannan ƙari sai a gidan mai.

Saboda haka, idan baburinka yana da na'urar saiti irin su Power Vision ko Power Commander na Dynojet, ko Fuelpak na Vance & Hines, abu na farko shi ne ka tabbatar jadawalin da ke ciki an yi shi ne domin kayan da ke jikin babur ɗin a yanzu. Na hannu sukan zo da jadawalin wata salansa da aka cire tuntuni. Na biyu, ka nemi a raba jadawalin yanki biyu: yankin tafiyar yau da kullum, wato juyi 2,000 zuwa 3,200 a minti da totur da bai wuce rubu'i ba, a bar shi kusa da 14, yankin da ake murɗe totur domin wuce tirela ko hawan tudu kuma a ba shi mansa cikakke. Ta haka ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa yana nan a lokacin da kake bukatarsa. Ka adana kwafin jadawalin farko kafin a canza komai, kuma kada a sauya abu biyu a rana ɗaya, don in sakamako ya fito ka san wanda ya kawo shi.

A nan akwai iyaka, kuma a ganina ta fi duk wata dabarar tsimi muhimmanci. Akasarin waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, ƙarin man da ake zubawa kuma yana rage zafin da ke cikin silinda. Wanda ya matse mai fiye da kima a zafin watan Afrilu, da goyo da kaya a baya, zai fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ya ja totur a babbar giya, kuma wannan ƙara fistin take ci. Kuɗin lita biyu da aka tsimar ba zai biya kuɗin sauke injin a gyara shi ba. Idan ka ji ta, a mayar da ɗan mai ko a ja lokacin wuta baya a daidai gidan da take fitowa. Wanda aka ƙara wa injinsa matsin cikin silinda ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin irin wannan injin yana son fetur mai ƙarfin oktan, man 'yan bumburutu na bakin hanya kuwa ba a san abin da aka gauraya masa ba. Sai dai a injin da ba ya wannan ƙara, sayen mai mafi tsada ba ya ƙara ko kilomita ɗaya.

Daga nan sai sensar iskar oksijin da ke jikin bututun salansa. Baburan wannan aji sun zo da ita tun ƙirar 2007, kuma ita ce ke gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ta gyara da kanta a yankin tafiyar yau da kullum. Wasu idan sun sauya salansa sukan cire ta, su toshe ramin, su sa wani ɗan abu da ke yaudarar kwamfuta. Daga ranar kwamfuta ta daina samun labarin ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, balle ta gyara. Ka leƙa ka gani ko tana nan kuma wayarta a haɗe take. Ko da tana nan, ɗan yoyon iska a mahaɗar salansa da kan injin yana iya ɓata mata lissafi: iskar waje ta shiga, sensa ta ɗauka man ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara zubawa. Da safe, injin a sanyaye, ka haska mahaɗar da fitila. Idan ka ga baƙin zane kamar na toka ya fito daga gefen gasket, ko ka ji wani ɗan tsit-tsit da ke ɓacewa idan ƙarfe ya ɗumama, to gasket ɗin ya gama aiki. Irin wannan yoyo ne kuma yakan jawo fashe-fashen da ake ji idan an saki totur, kuma abin takaici, maganin da aka fi yi masa shi ne ƙara mai a kwamfuta, alhali sabon gasket da ɗaure noti daidai sun isa. Bakin salansa da ya yi baƙi ƙirin har yana shafar yatsa, da warin ɗanyen fetur a tsaye, da fulogi mai busasshen baƙi, duk shaidu ne na man da bai ƙone ba.

Matatar iska ta auduga mai mai, irin ta K&N da makamantanta, an yi ta ne domin a wanke a sake amfani da ita, amma tazarar wankin da aka rubuta a kwalinta ba ta san ƙurar hunturu ba. A lokacin hazo ka duba ta bayan kowace doguwar tafiya. A wanke ta daga ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da hura mata iskar kwamfaresa ba, sannan a shafa mata manta kaɗan. Idan man ya yi yawa yakan bi iska ya ɓata sensar da ke bakin shigar injin.

Game da kamshaf, shawara gajeriya ce. Wanda bai riga ya saya ba ya zaɓi wanda ke ba da ƙarfi a ƙaramin juyi da matsakaici, inda babur mai nauyin sama da kilo 350 ke yin kusan dukkan aikinsa. Wanda aka yi domin juyi mai yawa yana barin wani ɓangare na gaurayen ya fice ta salansa a ƙaramin juyi, kuma babu saitin da zai dawo da wannan gaba ɗaya.

Bayan duk wannan, gudu ne ke yanke hukunci. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka tashi daga kilomita 100 zuwa 120 a sa'a yana ƙara ta da kashi 44 cikin ɗari, zuwa 130 kuwa da kashi 69. Babur mai faffaɗan ƙirji, da dogon gilashi, da akwatuna a gefe da baya, ya fi kowane jin wannan. Mutane da yawa suna ɗora wa salansa laifin da yake nasu ne, domin tun da ta fara daɗin ji suka shiga murɗa totur a kowace danja da ƙarƙashin kowace gada. Gwajin mai sauƙi ne: ka yi tanki guda ba ka wuce 105 ba, ka kwatanta da abin da ka saba samu. Giya ta shida ta buɗaɗɗiyar hanya ce. Shigar da ita da wuri har juyi ya faɗi ƙasa da 2,000 yana sa injin karkarwa, ya tilasta maka buɗe totur sosai, ka faɗa gidajen jadawali masu yawan mai. A irin wannan hali giya ta biyar ta fi tsimi. Ɗumama injin da safe kuma minti ɗaya ko biyu ya wadatar, sauran ɗumin ya samu a hanya cikin tafiya a hankali.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna taruwa. Iskar taya a auna ta da safe kafin a motsa, da ma'aunin kanka, a bi abin da littafin babur ya ce. A yawancin waɗannan Harley 36 ne a gaba, 40 a baya, a ma'aunin psi. Birkin da ke riƙewa yakan ɓoye a babur mai ƙarfi, don haka bayan ɗan tafiyar da ba ka taka birki sosai ba, ka kusantar da bayan hannunka ga faifan: idan ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, a duba shi. Jakar da aka ɗaure a tsaye bisa akwatin baya ta fi cutarwa da tare iska fiye da nauyinta, gara a kwantar da ita a kujerar goyo, a bayan mai tuƙi. Idan kuma an canza girman taya ko haƙoran da ke jan bel, ma'aunin tafiya na iya yin ƙarya, sai ka gwada shi da taswirar wayarka a kan tafiyar kilomita 50, ka gyara lissafinka da bambancin da ka samu kafin ka yanke wa saitin injin hukunci.