Yadda Ake Rubuta Abin Da Tsohon Soja Yake So A Yi Masa Idan Ciwo Ya Yi Tsanani

Kaduna garin sojoji ne, shi ya sa da wuya ka rasa 'yan mazan jiya a unguwa. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 duk sun haura saba'in, waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 su ma furfura ta cika musu kai. Ranar da ciwon ƙoda ko daji ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ɗayansu a Asibitin Sojoji na 44 ko Barau Dikko, likita kan fito ya tambayi iyali ko a ɗora shi a na'ura. Nan uwargida za ta kalli amarya, babban ɗa yana waya daga Legas, ƙanin Baba kuma ya ce shi ne babba. Shi mai ciwon ba a tambaye shi ba lokacin da bakinsa ke magana.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta fito da tsari a 2017 wanda likita zai zauna da mai tsananin ciwo, ya ji abin da yake so, ya shigar a fayil. Mu nan ba sai mun jira fom ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haƙƙinsa na ƙin karɓa. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani.

Da farko a nemo mai buɗe zance, domin nan ake yawan ɓata abin. Idan ƙaramin yaro ne ya fara, sai a ce yana wa uba fatan mutuwa. Gara abokinsa da suka zauna bariki ɗaya, ko limami, ko fasto, ko 'yar da yake jin maganarta. A zaɓi safiyar da jiki ya yi sauƙi, ɗaki ba 'yan dubiya. Tambayar gajera ce: "Baba, Allah ya ƙara sauƙi. In wata rana ciwo ya hana ka magana, wa kake so likita ya saurara?" Kada a sako zancen fansho ko gida ko gona a wannan zama. Wasiyyar dukiya daban take, kuma da an haɗa su zato zai shiga. In ya ce a bari, a bari, a dawo wani mako.

Sai a je wurin likitansa tare da shi, a roƙi bayani da Hausa kan abubuwa huɗu. Akwai danna ƙirji idan zuciya ta tsaya: aiki ne na ƙarfi, yakan karya haƙarƙarin tsoho, kuma ga wanda daji ya ci jikinsa da wuya ya tashe shi. Akwai na'urar numfashi, wadda ake zura roba ta baki har maƙogwaro, mutum ba ya iya magana, balle a ji kalmarsa ta ƙarshe. Akwai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, ga kuɗi ga wahalar hanya. Sannan robar ciyarwa ta hanci. Kowanne a tambayi likita: zai warkar, ko zai ƙara kwanaki ne kawai? Wani tsohon zai ce a gwada komai, wani zai ce a gwada mako ɗaya in ba sauƙi a cire, wani kuwa burinsa a mayar da shi gida. Duk amsa ce, kuma ba aikin mai rubutu ba ne ya gyara masa ra'ayi.

Na uku, ya zaɓi wakili ɗaya da zai yi magana da likita a madadinsa, da mataimaki. Kada iyali su dogara da sunan makusancin da ya rubuta a fayil ɗin soja. Mai yiwuwa ya cike wannan takarda yana saurayi, ya sa mahaifinsa ko yayansa, waɗanda ƙasa ta rufe tuntuni. A ganina wakili nagari shi ne wanda ke kusa, wayarsa a kunne, kuma zai iya cewa "haka Baba ya ce" gaban baffanni ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Ba dole sai ɗan fari ba.

Yanzu rubutu. Shafi ɗaya ya isa. A sa cikakken suna, lambar soja, lambar katin asibiti da kwanan wata, sannan maganarsa yadda ya faɗe ta, misali: "In zuciyata ta tsaya kada a danne mini ƙirji. Ina son maganin rage zafi ko da zai sa ni barci. In likita ya ce ba sauran magani, a kai ni ɗakina." Ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu, an fi so waɗanda ba magadansa ba. A yi kwafi na Turanci, tunda likitan da ke bakin aiki da dare ba lallai Bahaushe ba ne, a kuma roƙi likitansa ya rubuta a fayil cewa ranar da aka yi zaman Baba na cikin hayyacinsa. Ɗan bidiyo a waya yana karanta takardar da bakinsa yana kashe gardama fiye da sa hannu.

In wani ya ce wannan ai fid da rai ne daga rahamar Allah, a kai maganar gaban malami. Haƙura da na'urar da ba ta da sauran amfani daban, kashe mara lafiya daban. Na biyun haramun ne, laifi ne kuma a doka, ba takardar da za ta halatta shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura ga wanda likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu.

Daga nan a raba kwafi: ɗaya a fayil ɗin asibiti, ɗaya wurin wakili, ɗaya cikin jakar magungunansa, a kuma karanta wa matansa da manyan 'ya'ya a zaune gaba ɗaya. Duk lokacin da aka sake kwantar da shi a sake tambayarsa, in ya sauya magana a yaga tsohuwar a rubuta sabuwa da sabon kwanan wata. Idan kuma aka tura shi asibitin Shika da ke Zariya ko Abuja, kada a ɗauka takardar ta bi shi. Wakili ya miƙa wa likitan can kwafi hannu da hannu tun ranar karɓar gado.