Hanyar neman magani da sauƙin kuɗi a likitocin gwamnati na Damagaram

Wani ɓangare na kuɗin da iyali ke kashewa a kan rashin lafiya, jinkiri ne ke jawo shi, tare da shiga ta ƙofar da ba ita ba. Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ƙaramar likitar ƙauye tana ƙasa, sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai likitar gunduma irin ta Mirya, Magarya, Matamai, Gure ko Tanut, sannan Babbar Likitar Ƙasa ta Damagaram da cibiyar kula da uwa da yaro. Wanda masassara ko gudawa ta kama ya fara da CSI na unguwarsa, ko a Birni yake ko a Zango ko a Garin Malam, domin kuɗin ganin majo, wato ma'aikacin lafiyar da ke shugabantar cibiyar, bai kai na babbar likita ba, kuma idan ciwon ya fi ƙarfinsa shi ne zai rubuta takardar turawa gaba. A riƙe wannan takarda da kyau, saboda ita ke sanar da lokotoron da za a tarar abin da aka riga aka gwada, ta hana a maimaita awon da aka biya kuɗinsa jiya.

Abu na gaba shi ne sanin abin da hukuma ta ɗauke wa mutane. Tun 2005, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki da magungunan tazarar haihuwa. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, kwanciya, awon jini, hoto da fiɗa a likitocinta, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Sai dai haƙƙi yana tafiya da shaida. Uwar da ta zo da yaro ta zo da karnensa na rigakafi ko takardar haihuwarsa, mai juna biyu kuma ta riƙe karnen awo a duk zuwa, domin a gaban mai karɓar kuɗi babu abin da ke yanke gardamar shekarun yaro kamar takarda. Duk abin da aka biya, komai ƙanƙantarsa, a biya shi a wurin da aka tanada, a karɓi rasit, kada a miƙa wa kowa kuɗi a baranda.

A nan ne muhawara take, kuma ya kamata mai neman magani ya fahimce ta don kada ya sauke fushinsa a kan wanda bai da laifi. Tun bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen yankin nan suka rungumi tsarin da maras lafiya ke biyan wani kaso, ana juya kuɗin ana sake sayen magani. Da kyauta ta zo, sai aka ce cibiya ta yi wa yaro magani, ta aika da lissafi, gwamnati ta biya ta daga baya. Biyan ya sha yin jinkiri na watanni masu yawa, kuma idan ya yi jinkiri ɗakin magani ne ke fara bushewa. Shi ya sa wasu ma'aikatan lafiya ke cewa gara a biya kaɗan a samu magani a hannu, wasu kuma ke cewa ko dala ɗari ta isa ta hana matar ƙauye kawo ɗanta sai ya galabaita. A ganina masu maganar ta biyu sun fi gaskiya, amma kyautar da ba a zuba mata kuɗi a kan lokaci ba, ordonansi ce kawai ake miƙa wa talaka ya tafi ya saya.

Saboda haka, idan aka ce magani ya ƙare aka rubuta ordonansi, a tambayi wanda ya rubuta ko akwai jeneriki, wato maganin da sinadarinsa ɗaya ne da mai babban suna amma kuɗinsa ƙasa. A fara dubawa a ɗakin maganin cibiyar, sannan farmasin gwamnati na ONPPC, kafin a je na ƴan kasuwa. Idan kuɗin bai kai a sayi komai ba, a koma a tambayi lokotoro wanne ne ba ya jira, maimakon a sayi rabin kowanne, domin maganin da aka yanke a tsakiya yakan dawo da ciwon. Ƙwayoyin da ake talla a faranti cikin rana a bakin Kasuwar Dole ko tasha, arharsu ba ta biyan hasarar da suke jawowa, don babu mai tabbatar da abin da ke cikinsu.

Wanda ba shi da hali ko kaɗan ya nemi ofishin taimakon jama'a na babbar likita tun ranar da aka kwantar da maras lafiyarsa, kada ya bari sai ranar sallama, ya kuma je ofishin magajin gari na da'irarsa neman takardar shaidar rashin ƙarfi. Mai unguwa ya san hanyar, kuma babu abin kunya a ciki.

Damina ce lokacin da masassarar cizon sauro ke cika gadaje, kuma ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikata na bi gida-gida sau ɗaya a wata suna ba yara masu wata 3 zuwa 59 maganin kariya kyauta. Za su ba da na ranar farko, su bar wa uwa na kwana biyu, kuma sai an cika ukun yake aiki. Tun da kaka, lokacin da gero da wake ke hannu, a ware wani abu a asusu ko adashe da sunan lafiya, domin ko aikin likita kyauta ne, kuɗin kabu-kabu cikin dare, abincin mai jinya da maganin da ya yanke duk daga aljihun mai gida za su fito.