Yadda za ki kai ga ainihin tukunyar Zanzibar in kin je

Sana'ata girkin biki a Kano, shekara goma sha huɗu ke nan ina kan murhu, shi ya sa duk garin da na sauka tukunyarsu nake fara leƙawa kafin gine-ginensu. Da muka je Zanzibar ni da maigida muka yi kwana tara, biyun farko a banza suka tafi. Otal ɗin da muka sauka a bakin teku, safe ƙwai da burodi, dare taliya da soyayyen dankali. Abincin ba laifi, amma da a Abuja aka ajiye min shi ba zan ce ga bambanci ba. Rana ta uku na tambayi yarinyar da ke gyara mana ɗaki inda ita take cin abinci. Ta yi dariya, ta rubuta min kalma biyu a bayan rasit: Darajani da urojo, wato sunan kasuwa da na wani romo.

To ki fara daga tambayar nan. Kada ki ce "ina ake sayar da abinci mai daɗi", don za a tura ki inda ake tura baƙi. Da yarensu na Sawahili ki ce wa direba ko mai shara ko mai shago "wewe unakula wapi?", wato kai a ina kake ci. Amsar yawanci wata rumfa ce ta matan da suke kira mama lishe, irin masu abincin bakin tasha na wajenmu, benci da kuloli da labule. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka a irin waɗannan rumfunan hankalinki kwance kan yanka. A manyan otal-otal na baƙi ne ma ya kamata ki tambaya.

Ki kuma kwana a cikin tsohon gari ko da dare biyu ne kafin ki wuce bakin ruwa. Zanzibar manyan tsibirai biyu ce, Unguja da Pemba, kuma jirgin ruwan da ke tasowa daga Darussalam wajen awa biyu yake yi ya sauke ki a tsohon garin Unguja, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa su ce Stone Town. Daga kowane lungu na garin da ƙafa za ki kai kasuwar Darajani, wadda ginin tsakiyarta tun 1904 yake tsaye. Ki je da sassafe da takalmin da ba ki jin tausayinsa, don ɓangaren kifi a jiƙe yake kullum. Ranar farko kada ki sayi komai, ki yi kallo kawai: wane kifi mata ke rububi, me suke haɗawa da shi a kwando. Ni abin da na lura, kwandon da babu kwakwa a cikinsa sai an tona. Sauran kayan kuwa rabinsu 'yan gida ne da suka canza suna. Mchicha alayyafo ne, muhogo rogo, ukwaju tsamiya, tangawizi citta, karafuu kanumfari. Har 'ya'yan kuka na gani an tura su cikin jan sukari ana sayarwa a leda, sunansu ubuyu, yara na tsotsa bakinsu ja wur.

A bakin kasuwar na yi karo da wata tsohuwa gaban tanda mai gurabe tana juya wani abu da tsinke. Na ce wa maigida wallahi waina ce. Vitumbua suke ce mata. Shinkafa ce aka jiƙa aka markaɗa aka sa yis kamar tamu, sai dai da madarar kwakwa ake kwaɓa ta, a sa sukari da wani ɗan kore mai ƙamshi da suke kira iliki, kuma da shayi ake ci, ba da miyar taushe ba. Kafin ki miƙa kuɗi ga babba irin wannan ki ce "shikamoo", za ta amsa "marahaba". Gaisuwar ƙarami ga babba ce, kuma na ga yadda fuska ke sakewa in baƙo ya yi ta.

Urojo kuwa da hantsi ko da yamma ake nemansa. Romo ne mai ɗan kauri, rawaya saboda kurkum, mai tsami saboda ɗanyen mangwaro ko lemon tsami. A kwano ake yanka dafaffen dankali, a jefa bajia, wadda 'yar'uwar ƙosai ce, a ƙara dunƙulen dankali soyayye, a zuba romon, a barbaɗa soyayyen rogo siri-siri mai ƙaras-ƙaras, sannan cokalin markaɗaɗɗiyar kwakwa da na barkono. In kina so a zare miki tsinken mishkaki a kai, tsirensu ke nan, amma babu ƙuli-ƙuli. Ki ci a tsaye a wurin, kada ki ce a ƙulle miki, rogon laushi yake yi cikin minti biyar. A kwano ɗayan nan za ki ɗanɗani tarihin garin. Wajen 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, fataken Indiya suka cika gari, shi ya sa bajia da capati suke zaune lafiya da pilau da halwar Larabawa da gahawa mai ɗaci a ƙananan kofuna, rogo da ayaba da kwakwar mutanen gaɓa kuma suna riƙe da gindin tukunya.

Yanzu ga inda na yi abin kunya, don kada ki maimaita. Yarinyar nan ta otal ta haɗa ni da yayar mahaifiyarta, wadda ta yarda in zo gida in ga yadda ake shinkafar kwakwa. Aka ce in zo "saa tano". Na duba, tano biyar ne, na shirya tsaf na isa biyar na yamma. Ashe agogon Sawahili daga fitowar rana yake fara ƙirga: ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, don haka saa tano sha ɗaya na safe ne. An jira ni, an gaji, an dafa, an cinye. Duk lokacin da aka ba ki, ki ƙara shida a kai, ko ki nuna fuskar wayarki a tabbatar. Matar ta yi min uzuri, na koma washegari da sukari da ganyen shayi da kuɗin cefane a hannu, na tsaya a ƙofa na ce "hodi" har aka ce "karibu". Maigida a waje ya zauna da maza, kicin na mata ne kamar a gida. In kai namiji ne mai son koyo, gara ka nemi gonakin kayan ƙamshi na wajen Kizimbani, da yawansu suna haɗawa da koyar da girki.

Abin da na koya a kicin ɗin nan ya fi duk sauran tafiyar. Akwai wata 'yar kujera mai naɗewa da ƙarfe mai haƙora a goshinta, sunanta mbuzi, wato akuya. A kanta ake zama a karkace, a riƙe ɓarin kwakwa da hannu biyu a yi ta gurzawa, farin yana zuba a faranti. Sai a zuba ruwan ɗumi kaɗan, kamar rabin kofi, a murje a matse. Wannan tatsar farko mai kauri ita ce tui zito, gefe ake ajiye ta. A sake zuba ruwa da yawa a tatsa sau biyu, a sami tsararo, tui jepesi. Da tsararon da gishiri ake dafa shinkafa, kwakwa ɗaya babba ta ishi kofi biyu. Sai ruwa ya kusa tsotsewa ake zuba mai kaurin, a juya sau ɗaya, a janye wuta, a ɗora garwashi a kan murfi. Na kai hannu zan zuba mai kaurin tun farko, ta buge min hannu da ludayi. In ya daɗe yana tafasa tsinkewa yake yi, mai ya tashi sama, ƙamshin ya gudu. Haka dokar take a miyar kifi, da ganyen rogon da suke dakawa su kira kisamvu. Ƙanzon ƙasan tukunya, ukoko, jikokinta har faɗa suka yi a kansa.

A gidan ne kuma na ci pweza, halittar ruwan nan mai hannaye takwas. Na daɗe ina kallon kwanon. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, matsalar ido ce kawai. An dafa shi ya yi laushi cikin madarar kwakwa da kurkum da lemon tsami, a baki kamar ƙundun kaza da ya ji wuta. Ki fara da yanka ɗaya.

Kowa zai ce ki je Forodhani, filin bakin teku da ke gaban tsohuwar ganuwa, inda ake kunna fitilu bayan magariba a jera tebura. Ki je, wurin ya cancanci kallo, amma ki yi wayo. Tulin kifi da jatan landen da aka jera a tsinke an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake yi, kuma ba ki san tun yaushe ba. Ki sayi abin da aka haɗa a gabanki: ruwan rake da ake matsewa da citta da lemon tsami, da abin da suke kira fizar Zanzibar, siririn kwaɓin fulawa da ake naɗe niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a ciki a soya a faranti. Ki tambayi "bei gani?" kafin a ɗora miki komai a wuta. In tafiyarki ta faɗo cikin azumi, da rana rumfuna a rufe suke, amma buɗa-bakinsu na rogo da ayaba cikin kwakwa ya isa dalilin zuwa. Watannin Maris zuwa Mayu kuma ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya.

Tsarabar kayan ƙamshi ki bar ta sai ranar ƙarshe, ki koma Darajani. Ki sayi tsaba, kada ki sayi gari: kanumfari, kirfa, masoro, iliki, gyaɗar ƙamshi. Kanumfari mai kyau in kin danna shi da farce sai mai ya fito. Ƙananan fakitin da aka jera su kamar taswira don baƙi aka yi, ki wuce su zuwa inda ake aunawa daga buhu.

Ni har mbuzi na sayo, na naɗe ta da zane na tura cikin babban akwati, don haƙoranta ba za su wuce a jakar hannu ba. Juma'ar farko da dawowarmu na sayi kwakwa uku, na yi shinkafar yadda aka koya min har da garwashi a murfi, na kai wa Hajiya surukata da kifi a gefe. Ta yi loma biyu, ta gyaɗa kai, ta ce ƙamshi dai ya yi, sannan ta leƙa bayan kwanon ta ce, "To ina miyar?"