Tsohuwar manhaja ta ƙi hawa sabon Windows? Ga inda munka saba yin kuskure

Jama'a wanga matsala ta ishe ni, kusan kowane sati sai wani ya kawo man kwamfuta shagona nan Mabera, ko mai kyamis ko mai makarantar kuɗi da ke fidda sakamakon yara, wai sun sayi sabuwar kwamfuta manhajarsu ta ƙi tashi, sai dai ta rubuto Run-time error 339 ta mutu. Mafi yawan irin waɗannan manhajojin da Visual Basic 6 (VB6) anka rubuta su, wani yaren rubuta manhaja wanda ya fito tun 1998, kuma suna dogara da wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da OCX ko DLL, irin su MSCOMCTL.OCX da COMDLG32.OCX. Kwafe su bai isa ba, dole a yi musu rajista da wani umarni da ake bugawa mai suna regsvr32 don Windows ta san inda suke, to nan ake ɓata lissafi.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ce ai ni ne admin, kwamfutata ce. Malam, lokacin XP ke nan. Tun da Vista ta zo a 2007 da abin nan UAC, wato tsarin da ke tambayarka izini kafin a taɓa manyan saitin kwamfuta, ko da akawun ɗinka na admin ne, duk abin da ka buɗe da ƙaramin iko yake tashi sai ka nemi babban da kanka. Ita kuma rajistar nan a HKEY_LOCAL_MACHINE take rubutu, wani sashe na ma'ajiyar saitin Windows da ƙaramin iko bai taɓawa, shi ya sa za ka ga lambar kuskure 0x80070005 ko 0x8002801c, duk maganarsu guda ce, an hana ka shiga. Gyaran bai da wuya, rubuta cmd a Start, danna Ctrl da Shift da Enter tare, ka amsa Yes, ka duba saman baƙin allon buga umarni da zai buɗe ka ga an rubuta Administrator kafin ka buga komi. In ba ka ga kalmar nan ba to wahala kawai kake sha. Haka shi ma fayil ɗin setup, danna dama ka zaɓi Run as administrator tun farko, don wasu tsoffin setup ɗin a ɓoye suke rajistar, in ta faɗi ba su gaya maka, sai su ce an gama lafiya lau.

Sai rikicin System32 da SysWOW64, wanda ni kaina ya taɓa cinye man yini guda cikin zafin watan Afrilu ga ba wuta. Sunayen ne ke yaudara. A Windows mai 64-bit, System32 gidan fayilolin 64 ne, shi kuma SysWOW64 da ke da 64 a sunansa shi ne gidan 32. Duk abin VB6 kuwa 32-bit ne. Don haka OCX ɗinka ka sa shi cikin C:\Windows\SysWOW64, cikin baƙin allon ka shiga wurin da umarnin cd, sannan ka buga regsvr32 da sunan fayil ɗin.

Wani kuma daga filashi yake yin rajistar kai tsaye, ko daga Downloads, ya ga saƙon succeeded ya karɓi kuɗinsa ya hau mashin ya tafi. Abin da bai sani ba, rajista adireshin fayil ɗin take ajiyewa, ba fayil ɗin ba. Yana zare filashi shi ke nan, gobe da safe mai shago ya kira shi yana faɗa. In ka riga ka yi haka, mayar da filashin ka warware da regsvr32 /u, ka kai fayil ɗin mazauninsa na dindindin ka sake. Kuma in sunan folda yana da sarari kamar Program Files, sa adireshin cikin alamar zance.

In regsvr32 ya ce maka bai samu DllRegisterServer ba, daina matsa mashi, ba kowane DLL ke buƙatar rajista ba. Wani a aje shi kusa da manhajar kawai ake yi, wani kuma da wani tsarin rubuta manhaja mai suna .NET anka yi shi, umarnin regasm ke yi mashi rajista.

Wanda ya fi ɓata man rai shi ne masu kashe gargaɗin UAC gaba ɗaya, su ja maɓallin ƙasa wai don a huta da tambaya. Kwamfutar da ake cusa ma filashin kowa a bizines santa, ta ɗalibai ta 'yan neman aiki, ita za ka cire wa ƙofa? Rajistar nan fa sau ɗaya ake yinta, bayan nan manhajar ba ta buƙatar babban iko don ta yi amfani da OCX ɗin. Haka masu zuwa intanet su sauke OCX daga kowane shafi sunka gani, sannan su ba shi ikon admin da hannunsu. Ɗauko shi daga asalin setup ɗin ko daga tsohuwar kwamfutar da manhajar ke aiki a kai.

A ofis inda mai kula da kwamfutoci ya kulle komi, kada ka tsaya neman dabara, kira shi ya sa kalmar sirrinsa. Amma ku lura, in anka yi setup da akawun ɗinsa, duk saitin da ya rubuta na mai amfani a akawun ɗinsa zai zauna, don haka kafin ya tashi ka buɗe manhajar da naka akawun a gabansa.

Akwai kuma wata matsalar da ke zuwa daga baya. Tsoffin manhajoji suna son aje bayanansu cikin Program Files, to Windows sai ta karkatar da rubutun a ɓoye zuwa AppData\Local\VirtualStore na mai amfani. Ranar da wani ya buɗe ta da Run as administrator sai ta koma karanta ainihin fayil ɗin, mai kyamis ya ga cinikin wata uku ya ɓace hankalinsa ya tashi. Bai ɓace ba Alhaji, yana cikin VirtualStore, a kwafo shi. Ni yanzu in setup ya ba ni zaɓi, folda daban nake buɗe wa irin waɗannan a kan C, in ba masu aiki izinin rubutu a cikinta.