Yadda Ake Gwada Kyamarar Ful-firem Wajen Ɗaukar Hoton Mutum a Waje

Abin da ya bambanta kyamarar ful-firem shi ne girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa kuma 24, daidai da firem ɗin fim na da. Ƙaramar sensar da ake kira APS-C ba ta kai haka ba, shi ya sa gilashin kyamara (lens) mai 50mm a kanta yake nuna fili kusan kamar mai 75mm a kan ful-firem. Saboda haka wanda ya saba da ƙaramar sensa zai tarar sai ya ƙara matsawa kusa kafin fuska ta cika hoton, kuma wannan matsowar ce take sa bayan mutum ya yi dishi-dishi sosai.

Kafin a fita, a tabbatar gilashin na ful-firem ne, domin wanda aka ƙera wa APS-C yakan baƙanta kusurwoyin hoto, ko ya sa kyamarar ta yanke gefe. Mai 85mm da f/1.8 (lambar f tana nuna buɗewar gilashi, ƙaramar lamba na nufin babbar buɗewa) ya wadatar, don ba ya kumbura hanci yadda gilashi mai faɗi ke yi idan an matsa kusa.

A zaɓi hantsi ko bayan la'asar. Idan ya zama dole da tsakar rana, a tsayar da mutumin a bakin inuwa yana fuskantar fili, kada rana ta zurma masa idanu cikin duhu. A sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara hasken hoto, a kan 100, a ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa.

Babban aikin yana wajen buɗewar gilashi, kuma a nan ne sababbin hannu suke tuntuɓe, domin kowa yana ɗokin buɗe shi har ƙarshe. A f/1.8, idan mutum ya ɗan karkata fuska a tazarar mita biyu, idon da ke kusa yakan fito tar, na nesa kuwa ya yi laushi. Don haka a kafa saitin gani (fokas), wato wurin da zai fito tar a hoton, a kan idon da ya fi kusa, sannan ba tare da an gusa ba a ɗauki hoto a f/1.8, da f/2.8, da f/4. Daga nan a nisanta mutumin da bango ko bishiyar da ke bayansa, a maimaita. A ganina f/2.8 ya fi dacewa da mutum ɗaya, mutum biyu kuwa f/4 ko lambar da ta fi haka. In hasken ya yi yawa har saurin 1/4000 ya kasa, tilas a ɗan rufe gilashin ko a ɗora masa matatar rage haske.

Kada a yanke hukunci da ƙaramin allon kyamara, wanda kusan komai ke kyau a kansa. A buɗe hotunan a kwamfuta, a ƙara girmansu har a ga gashin ido, sannan a kwatanta su ɗaya bayan ɗaya.