Kafin a saki sabon bijimi cikin garke

'Yan'uwa masu kiwon shanun nama, in aka haifi maraƙi da lanƙwasassun ƙafafu ko kofato a haɗe, kada a yi saurin zargin abinci. Sau da yawa gado ne mai ɓuya: bijimi da saniya lafiya lau a ido, amma kowannensu na ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar halitta guda. In suka haɗu, kusan maraƙi 1 cikin 4 ke fitowa da nakasa, rabi kuma su ɗauke ta a ɓoye. Haka aka gano game da lanƙwasassun ƙafafu a wani nau'in shanun nama mai suna Angus a Amurka a 2008. Ni dai shawarata, a rubuta uban kowane maraƙi, a hana bijimi hawan 'ya'yansa, kuma kafin saye a tsige gashin wutsiyarsa har saiwa a kai gwaji.